Amsoshin Tambayoyinku: Janar Magoro da Makullin Iyaka

TAMBAYA: Ni malamin firamare ne a Dole Kaina. Mahaifina ya yi shekaru yana fito da kwale-kwale tsakanin nan da Lolo, wani sa'in har Gaya, kuma har gobe in hira ta yi daɗi sai ya ɗauko labarin shekarar da aka canja kuɗi aka rufe iyaka. Yana da wani gwangwanin madara da ya adana tsofaffin takardun naira guda bakwai a ciki, waɗanda wani abokin cinikinsa na ƙetare ya biya shi da su bayan wa'adi ya wuce. Yakan ce wanda ya rufe iyakar ɗan jiharmu ne, Janar ne, wai ma daga baya ya zama Sanata. Na yi masa gardama, ya ce in je in tambayi masu karatu. Shin haka ne? In haka ne, wane ne shi, kuma yaya aka yi wanda ya yi mulki da bakin bindiga ya dawo jama'a suka zaɓe shi?

AMSA: Malam, ka koma ka ba Baba haƙuri, don ya fi ka gaskiya, ko da yake akwai ɗan gyara a maganarsa. Mutumin da yake nufi shi ne Manjo Janar Muhammadu Magoro mai ritaya, Galadiman Zuru. Shi ne Ministan Harkokin Cikin Gida daga Janairun 1984 zuwa Agustan 1985, zamanin mulkin soja na marigayi Janar Muhammadu Buhari, kuma ya wakilci Kebbi ta Kudu a Majalisar Dattawa daga 2011 zuwa 2015. Gyaran guda biyu ne. Na farko ƙarami ne: a lokacin babu Jihar Kebbi, duk kuna cikin Jihar Sakkwato, sai ranar 27 ga Agustan 1991 Janar Babangida ya yanko ta. Na biyun shi ne mai nauyi. Rufe iyakar ƙasa ba hukuncin minista ɗaya ba ne, na Majalisar Ƙoli ta Soja ne. Sai dai Magoro yana cikin wannan majalisa, kuma hukumar shige da fice a ƙarƙashin ma'aikatarsa take. Ba shi kaɗai ya ce a kulle ba, amma makullin a hannunsa aka ajiye.

Bari mu fara da gwangwanin Baba, tunda nan labarin ya taɓa gidanku.

Sojoji sun hamɓarar da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ranar 31 ga Disamban 1983. Bayan wata huɗu, a ƙarshen Afrilun 1984, marigayi Tunde Idiagbon ya fito ya ba da sanarwar canjin kuɗi. Ba a sake hotunan da ke jiki ba, launi aka sauya wa kowace takarda in ban da ta sule biyar. Aka ba mutane daga 25 ga Afrilu zuwa 6 ga Mayu su kai tsofaffi banki su karɓi sababbi, kwana goma sha biyu kacal, kuma abin da ya haura naira dubu biyar sai mutum ya rantse kan inda ya samo shi. Manufar a fili take. Gwamnati ta yi amanna cewa akwai tulin naira a waje, a hannun 'yan siyasar da suka tsere da 'yan canji da 'yan fasa-ƙwauri, tana so kuɗin nan su mutu a inda suke. To in an bar ƙofa a buɗe ai za su dawo cikin dare ɗaya, shi ya sa aka haɗa da rufe iyaka.

A takarda dabara ce mai kyau. A bakin Kwara kuwa wani abu ne daban. Wa ke riƙe da naira a Gaya da Malanbil da Madekali a wancan lokacin? Mai albasa, mai busasshen kifi, dillalin shanu, matar da ta sayar da tabarmi ranar kasuwa ta ƙulle kuɗinta a bakin zane. A wajensu naira da saifa duk kuɗin kasuwa ne, ba wanda ya taɓa tunanin ya aikata laifi don ya kwana da naira a ɗaya gefen kogi. Manyan da aka nufa da tarkon suna da lauyoyi da abokai a banki. Abokin cinikin Baba ba shi da kowa, don haka ya biya bashinsa da abin da ke hannunsa, Baba kuma ya karɓa don kunya ko don zumunci. Ni dai ban ga laifin ɗayansu ba.

Da aka gama canjin kuɗin ba a buɗe iyakar ba. Ta zauna a rufe kusan shekara biyu, sai a Maris na 1986, bayan Babangida ya karɓi mulki. Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne daminar 1984 ta yi gardama, fari ya kama ƙasashen Sahel, Nijar kuwa ta saba cike giɓin rumbunta da gero da dawar Najeriya. Hausawa sukan raɗa wa kowace yunwa suna, ta wannan shekarar mutanen Nijar suka sa mata El-Buhari. Ka lura da sunan. Ba su ce El-Magoro ba. Talaka ya san wa ke sama.

Abin da za a iya jingina wa Magoro kai tsaye shi ne korar baƙin haure ta 1985, don shi ya fito ya yi sanarwar a tsakiyar Afrilu, cewa duk baƙon da ba shi da takardun zama ya fice kafin 10 ga Mayu. An ƙiyasta mutanen da abin ya shafa sun kai dubu 700, kusan dubu 300 daga ciki 'yan Gana, sannan 'yan Nijar da Chadi da Kamaru da sauransu. Aka ɗan buɗe iyaka na kwanaki don su wuce, aka sake rufewa da cikar wa'adi, dubbai suka maƙale a Seme, aka kwashe su zuwa sansanin alhazai na Ikeja, daga can aka riƙa fitar da su ta jirgin ruwa. Mutane da yawa suna cakuɗa wannan da korar Janairun 1983, wadda ta bar mana sunan jakar nan ta Gana-mas-go. Waccan ta zamanin Shagari ce, Alhaji Ali Baba ne ministan, kuma ta fi wannan girma. Farar hula ne suka fara, sojoji suka maimaita, kada a manta da wannan in ana rabon laifi.

Gwamnati tana da hujjojinta. Kuɗin mai ya ja baya, masana'antu suna sallamar ma'aikata, rikicin 'yan Maitatsine da ya faro a Kano a 1980 ya sake tashi a Jimeta a 1984, ana kuma ta nuna baƙi da yatsa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kwana casa'in ta ba ɗan wata ƙasa ya zauna ba tare da izini na musamman ba, yawancinsu kuwa sun shekara da shekaru. Duk wannan yana da ma'ana a Legas. Amma a garin da gonar mutum take wata ƙasa, surukansa suna wata, maƙabartar kakanninsa tana ta uku, wa za ka kira baƙon haure? Ba na jin akwai hafsan da ya zauna a Barikin Dodan ya yi wa kansa wannan tambayar, kuma tsarin mulkin soja bai tanadi wanda zai yi masa ita ba.

To wane ne shi kafin ya hau wannan kujerar? An haifi Magoro a 1941, mutumin ƙasar Zuru ne, ƙasar da tun zamanin Turawa aikin soja ya zame mata kamar gado. Masu ɗaukar kurata sun daɗe da gano cewa saurayin da ya yi shekaru yana noman golmo a gonar surukai ba ya raki, suka mayar da yankin wurin ɗibar sojoji. Da farko ƙananan sojoji ne, daga baya 'ya'yansu suka yi boko suka zama hafsoshi. Daga nan Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi ya fito, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Marigayi Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami shi ma Manjo Janar ne, ya yi gwamnan soja a Bauchi kafin a naɗa masa rawani.

Magoro ya yi sakandare a Bida, kuma ajinsu abin a tsaya a duba ne. Da shi da Ibrahim Babangida da Abdulsalami Abubakar da Mamman Vatsa da Gado Nasko da Garba Duba da Sani Bello da Sani Sami duk tare suka yi. Aji ɗaya ya ba ƙasar nan shugabanni biyu da gwamnoni da ministoci. Yawancinsu sun shiga soja a ƙarshen 1962, lokacin da gwamnatin Sardauna ke bin makarantu tana kwaɗaitar da samarin Arewa su shiga a dama da su. Zumuncin 'yan aji ɗaya yana buɗe ƙofofi, amma a bariki ba ya hana komai: Babangida ne ya kifar da gwamnatin da Magoro ke wa minista ranar 27 ga Agustan 1985, kuma a zamaninsa aka harbe Vatsa a Maris na 1986 bisa zargin yunƙurin juyin mulki. Kafin duk wannan, Magoro ya riƙe Kwamishinan Sufuri na tarayya a ƙarshen mulkin soja na Janar Obasanjo, kujerar da marigayi Shehu Musa 'Yar'aduwa ya taɓa zama a kai. Ka ga tun yana cikin kaki ya saba da ofis da fayil da 'yan kwangila.

Yanzu ga ainihin tambayarka, yadda aka yi aka zaɓe shi. Ka fara da lissafin shekaru. Tsakanin saukarsa daga minista da shigarsa majalisa shekara 26 ne. Yaron da aka haifa ranar da aka rufe iyaka ya yi aure ya haihu kafin hoton Magoro ya hau bango. A tsawon wannan lokaci yana harkar kasuwanci, ya kuma daɗe yana shugabantar hukumar daraktocin kamfanin mai na Oando. Ya dawo gida da sarauta, da abin hannu, da sanayya a kowane ofishi na Abuja. A ƙasar da kusan kowane gida yake da soja, mai ci ko mai ritaya ko wanda ya kwanta dama, sunan Janar ba abin tsoro ba ne, abin tunƙaho ne. Jam'iyyar PDP ce ke riƙe da jihar da tarayya a 2011, samun tikitinta ya fi rabin aiki. Kujerar ma daga hannun wani Janar ya karɓe ta, marigayi Tanko Ayuba, tsohon Ministan Sadarwa kuma tsohon gwamnan soja na Kaduna, wanda ya yi Sanata daga 2007 zuwa 2011. Shekara takwas a jere Janar ne ke magana da yawun Kebbi ta Kudu.

Ga kuma abin da nake so ka riƙe, don shi ne zai warware maka mamakin. Ba a taɓa tambayar Baba ra'ayinsa kan Magoro ba. Mazaɓar Kebbi ta Kudu ita ce Zuru da Fakai da Sakaba da Danko-Wasagu da Yawuri da Ngaski da Shanga. Ku na bakin iyaka, Bagudo da Dandi, kuna Kebbi ta Arewa tare da Argungu da Augie da Arewa da Suru. Waɗanda suka ɗanɗana rufe iyaka daban, waɗanda aka kai wa akwati daban. Mutumin Zuru bai yi asarar kwale-kwale ba, ɗansa ne ya tuna an taimaka masa. Don haka ba yafewa aka yi ba, ba kuma mantawa aka yi ba, maganar ce ba ta taɓa zuwa gaban masu ita ba.

Kada ka ɗauka kuma tuɓe kaki a sa babbar riga abu ne mai sauƙi. Na taɓa halartar taron neman ƙuri'a a wani ƙauye inda wani tsohon hafsa, ba wannan da muke magana a kai ba, ya zo gaida masu unguwanni. Mutumin da bataliya guda ke ƙamewa in ya yi tari, ga shi ya tuɓe takalmi ya durƙusa a gefen tabarma, ƙafa ta ƙi lanƙwasuwa, yana ta gyara zama. Wani tsoho mai goro a baki ya riƙe hannunsa ya ƙi saki, yana lissafa masa rijiyar da aka yi alkawari tun zaɓen da ya wuce. Na ga jijiyar wuyansa tana motsi. Sau biyu ya buɗe baki zai katse tsohon, sau biyu wani yaron jam'iyya ya taɓa masa gwiwa, ya haɗiye. Da aka fito ya shiga mota, kafin direba ya tayar sai da ya sha ruwa gora guda. A bariki in ka ba da umarni an gama. A nan kuwa kai ne za ka zauna a gama da kai.

Irin wannan ta jira Magoro a Abuja ma. Shugaban Majalisar Dattawa a lokacin David Mark ne, wanda a 1984 Laftanar Kanar ne yana gwamnan Jihar Neja, wato ƙaramin hafsa da zai sara wa Magoro in sun haɗu. A 2011 sai ga Magoro, yana da shekara 70, shi ne zai ɗaga hannu ya jira Mark ya ba shi izinin magana. Sarki goma zamani goma. An ba shi shugabancin kwamitin tsaron ƙasa da bayanan sirri, daidai lokacin da Boko Haram ta yi ƙamari, aka yi wa dokar yaƙi da ta'addanci gyara a 2013, aka kuma ayyana dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa a Mayun shekarar. Nan ne amfanin tsohon soja a majalisa yake, don hafsoshi ba sa iya ruɗa shi da kalmomin bariki in sun zo kare kasafinsu. Amma ikon ba ɗaya ba ne. Yana minista, kalmarsa ta ba mutum dubu ɗari bakwai wa'adin barin inda suke kwana. Yana Sanata, shi ɗaya ne cikin 109, ba zai iya buɗe ko shingen kwastan ɗaya ba sai dai ya gabatar da ƙudiri a yi muhawara. Zango ɗaya ya yi, a 2015 Bala Ibn Na'Allah na APC ya hau kujerar.

Janar ɗin da ya zo har rumfarku neman ƙuri'a shi ne Buhari da kansa, mai sunan yunwar. A zaɓen Maris na 2015 Jihar Kebbi ta ba shi ƙuri'a fiye da dubu 560, ta sake ba shi a 2019. Wata shida bayan zaɓen na biyu, a Agustan 2019, ya sake rufe iyakokin tudu, a wannan karon saboda shinkafar waje da ke kwararowa daga Kwatano da man fetur da ke sulalewa. A Nuwamba aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, ba sai na gaya maka abin da wannan ya yi wa mai injin ban-ruwa da mai jirgin fito ba. An buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum a Disamban 2020, Kamba kuwa sai Afrilun 2022. Mai neman sanin ko babbar riga tana canja tunanin soja, ga abin dubawa nan. A ganina ba ta cika canjawa ba, mutum yakan koma ga maganin da ya sani. Sai dai adalci ya sa in ƙara da cewa a 2019 ba kowa ne ya yi kuka a yankinku ba. Manomin shinkafa a fadama ya ga farashin shanshera ya tashi, ya yi murna, maƙwabcinsa ɗan fito yana zagi, su biyun kuma sahu ɗaya suke sallah. Bambancin da 1984 shi ne a wannan karon an yi zagin a rediyo, da suna.

Maƙwabtanku na Benin sun riga mu gwada zaɓen tsohon mai mulkin soja. Mathieu Kérékou ya ƙwaci mulki a Oktoban 1972, ya riƙe har aka tilasta masa zaɓe a 1991, Nicéphore Soglo ya kayar da shi, ya sauka ba gardama. Bayan shekara biyar mutanen nan dai suka dawo da shi da ƙuri'a, ya yi zango biyu ya tafi a 2006. Hawainiya suke ce masa, shi ma bai ƙi sunan ba.

Na kusa-kusa kuma ai da kai aka yi. A 2023 Manjo Janar Aminu Bande mai ritaya, tsohon kwamandan Runduna ta 8 da ke Sakkwato, ya nemi gwamnan Kebbi a PDP, lokacin da matsalar 'yan bindiga ta sa mutane da yawa ke ganin soja ake buƙata. Zaɓen 18 ga Maris bai kammalu ba, aka ƙarasa ranar 15 ga Afrilu, Nasir Idris na APC ya samu ƙuri'a 409,225, Bande ya samu 360,940. Wanda ya ka da Janar ɗin tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa ne, ɗan'uwanka mai alli. In Baba ya ci ka a gardamar farko, kana iya ramawa da wannan.

Gwangwanin nan kuma a ci gaba da adana shi, a nisanta shi da danshi da gara. In ka buɗe ka duba hotunan: Herbert Macaulay naira ɗaya ne, Tafawa Ɓalewa biyar, Alvan Ikoku goma. In akwai mai hoton Murtala, ita ce naira ashirin, babu takardar da ta fi ta girma a ƙasar nan a wancan zamanin. Baƙin da aka kora a Mayun 1985, komai shekarun da mutum ya yi yana dako ko gadi ko koyarwa a Najeriya, Murtala ɗaya tak aka yarda ya tsallaka iyaka da ita. A gaida Baba.